Ranar Da Muka Kai Dutsen Sale Lahbab

Al Nahda, 5:20 na asuba

Muna sallame Asuba ranar Asabar muka sauko daga fulat ɗinmu, ni da Sale. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a nan Dubai. Ku riƙe wannan, zai dawo ya ba ni kunya. Sale kuwa ɗan Kurnar Kano ne, aikinsa ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazar. Idan ya shiga lif, saura sai su jira zuwa na biyu.

Wata uku ke nan da ya kamu da wasan ƙartin Sikotlan, waɗanda ke ɗaura zane mai gida-gida suna jifa da duwatsu da gungume. Wani dattijonsu, Dugal, yana tara 'yan wasa a saharar Lahbab, kuma sau ɗaya yake gwada sababbi kafin zafi ya shigo. Sharaɗinsa: ka jefa dutse mai sarƙa da hannu ɗaya ya kai mita goma sha biyu. Sale, duk girman nan, bai taɓa wuce shida da rabi ba, ya kuma rantse idan aka kore shi yau ya bar wasan har abada.

Direbanmu Isa, mutumin Damagaram, ya iso da a-kori-kura.

"Bon, Malam, yalla, mu tafi! Ina zakaran namu?"

"Zakaran mita shida," in ji Sale.

Murshid Bazar, 5:45

Nan muka ɗauki dutsen. Tun wata uku da suka wuce ni na karanto wa Sale nauyinsa a intanet, na ce ashirin da takwas. Ya samu gwangwanin fenti, ya zuba siminti da tsofaffin notuna, ya dasa sarƙa da zobe. Ya ɗora a sikelin kago na maigidansa, wanda ake auna kayan da za a tura ƙasashen waje, yana ƙara noti ɗaya-ɗaya har ya buga ashirin da takwas cif. 'Yan kago kan yafe maka zagi, amma ba sa yafe rabin kilo. Isa ya zo taimaka mana ɗauka, ya saki, ya ce shi tuƙi aka kira shi.

Muhaisnah, 6:15

Wani kafinta abokin Sale ya ajiye mana gungume mai mita biyar da aka yar a wurin gini, ya fere masa gindi ya goge. Muka sha shayin karak, kofi dirhami ɗaya, da gurasar farota mai zafi, muka ɗaure gungumen.

Ba mu yi nisa ba ɗan sanda ya tsayar da mu cikin ladabi: kaya ya zarce mota, ina jan ƙyalle? Ba mu da shi. Sale ya buɗe jaka a hankali, ya fito da zanen wasansa, wanda ya ɗinka da mayafin tebur ja mai gida-gida. Ɗan sandan ya dubi zanen, ya dubi Sale tun daga ƙasa har sama.

"Wasa ne, ranka ya daɗe," na ce da guntun Larabcina.

"Mashallah. Yalla, shwaiya-shwaiya," wato mu tafi a hankali.

Haka muka yi kusan kilomita hamsin zanen Sale na kaɗawa a bayanmu kamar tutar ƙasar da ba a gano ba tukuna. Da yashi ya fara ja, sai Sale ya ce, "Malam, mu juya. Turawa za su yi mini dariya."

"Habibi, man da na ƙona fa?" in ji Isa, ya ƙara wuta.

Lahbab, 7:25

Mutum goma sha ɗaya muka tarar, har da mata biyu. Dugal ya tarbe mu, jajur kamar tattasai, ya yaba gungumen, sannan ya sunkuya zai ɗaga dutsen da hannu ɗaya. Ya ɗaga ɗin, amma sai da ya kira sunan wani waliyyinsu.

"Da wannan kake jifa, yarona? Nauyinsa nawa?"

"Ashirin da takwas, Baba. Sikelinmu ba ya ƙarya."

"Ashirin da takwas me?"

"Kilo mana!"

Nan gumi ya karyo mini. Su da laba suke awo. Laba ashirin da takwas ba ta cika kilo goma sha uku ba. Wata uku Sale yana jifa da abin da ya fi babban dutsen gwanayensu nauyi, yana dawowa gida yana cewa shi rago ne. Sale ya juyo gare ni.

"Malam. Me kake koyarwa ma?"

Dugal ya miƙa masa nasu. Sale ya jinjina, ya tambaya ko na yara ne. Jifa uku aka ba shi. Na farko ya juya da ƙarfin da ya saba, dutsen ya tafi gabas, shi ya tafi yamma, ya ci yashi. Na biyu ya tsallake katakon iyaka, aka soke. Saura ɗaya.

"A hankali, ɗan'uwa," Isa ya yi ihu, "ba kwantena ba ce!"

Sale ya kwance zanensa daga gungume ya ɗaura, ya yi bisimilla, ya juya sau biyu, ya saki. Na ga sarƙar tana walƙiya a sama, na manta ni malami ne, na bi ta a guje. Aka ja tef: mita goma sha uku da ɗan ɗori! Dugal ya rungume shi iya inda hannunsa ya kai, Isa ya danne hon har raƙuman da ke nesa suka waiwayo.

Al Nahda, 11:50

Mun dawo kafin Azahar, ba dutsen. Dugal ya roƙa a bar masa, wai duk wanda ya fara jin kansa a ƙungiya za a miƙa masa. Alhamdulillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Ina gode wa Isa, da kafinta, da ɗan sanda mai haƙuri, da sikelin kago, wanda shi kaɗai ne a cikinmu bai yi kuskure ba.

Muna hawa lif na ce wa Sale zan duba masa nauyin gudumar jifa da zai haɗa a gaba. Ya karɓe wayata ya sa a aljihunsa.

"Khalas, ya isa, Malam. Kai dai ka riƙe mana ruwa."