Ranar da Abu Faisal ya durƙusa

Na manta abubuwa da yawa a aikin sito, amma ban da ranar da kamfaninmu na unguwar Khumra a Jidda ya yi bikin gargajiya. Ku sababbin zuwa ku ji, don ku san da su wa kuke aiki.

A sito, mushrif shi ne shugaban leburori. Shi ke raba aiki, kuma sai ya ce to kafin kafili, ubangidan da ya tsaya wa mutum, ya sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama. Namu a lokacin Abu Faisal ne, baƙi wuluk kamar ni, amma yana da takardar ɗan ƙasa, kuma ba ya bari ka manta. In ka gaishe shi da Hausa sai ya yatsine fuska ya ce, "Esh?" wato "Me?" da Larabci. Maganarsa kullum ɗaya ce: su ne asalin Jidda, mu takari cin arziki muka zo.

Akwai Sule, mutumin Maraɗi, mai iyali a gida. Iƙamarsa ta kusa mutuwa, Abu Faisal yana ta ja masa rai. Da aka ce a bikin za a nuna wa baƙi abincin kakannin Hijaz, Sule ya ce shi zai gasa sairiya, ko ya samu shiga. Sairiya fa tsirenmu ne, ƙuli da yaji, ba wani abu ba. Abu Faisal ya yarda, amma Sule ya gasa a bayan labule, shi ya tsaya gaba da rawani yana miƙa wa mutane. Wai gaba na 'yan ƙasa ne.

Bayan la'asar yaji ya ƙare. Sule ya buga waya ga Hajiya Kande, tsohuwar da yake saye a wurinta a kasuwar Bab Makka. Ba ta aiko ba, da kanta ta zo, kuma ba ta san wata ƙofar baya ba. Ta ratso cikin baƙi da ledarta, ta tsaya gaban mai rawani tana ƙare masa kallo.

"Kai! Ba Ɗanladi ba ne wannan, ɗan ƙanena Audu? Wa ya naɗa maka wannan abu kamar gammo?"

Wallahi bai yi shawara da kansa ba. Ƙafarsa ce ta zare takalmi, gwiwarsa ta kai ƙasa. "Goggo, barka da yamma. Kin zo lafiya?" Hausa tsaf, har da harshen Katsina.

"Lafiya ƙalau, mara zumunci. Ka ci ka ƙoshi ka manta hanyar gidana."

Mai kamfanin, wani dattijo, ya tambayi abin da ake ciki. Da aka gaya masa sai ya yi dariya, ya ce shi ma kakansa daga Hadramaut ta ƙasar Yaman ya sauko a jirgin ruwa. Ya sa aka ba Hajiya kujera. Ba Balaraben da abin ya dama, suka ci gaba da cin namansu.

Sule kuwa, wawa, daɗi ya kashe shi. Washegari ya tari Abu Faisal a gaban leburori, baki har kunne. "Ashe na gida ne! Ɗanladi, ya kwanan Goggo? To maganar iƙamata fa?"

Na taka masa ƙafa, amma ya riga ya faɗa. Abu Faisal ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Halas," wato shi ke nan. Ba a sabunta ba. Ni na raka Sule filin jirgi da jakarsa.

Abin da na koya shi ne, a garin nan kakan kowa daga wani wuri ya zo, a ƙafa ko a jirgi. Wanda nasa ya daɗe da isowa bai cika damuwa da kai ba. Wanda nasa bai daɗe ba shi ke tsaron ƙofa, don kana tuna masa abin da yake ɓoyewa. In ka gane asalin mushrif ɗinka, haɗiye ka ɗauki kayanka. Sule murna ya yi ya samu ɗan'uwa, murnar ce ta mayar da shi Maraɗi.