Shafin da Na Kwantar

Shekarar da danginmu suka yanke shawarar buga ɗan littafin zuri'a, ni aka ɗora wa aikin, don ni ce mai kwamfuta a gida. Kowace shekara bayan babbar Sallah mukan taru a Miri, gidan kakanmu na wajen uwa, a karanto sunayen dangi, a yi wa mamata addu'a. A da da ka ake yi. Sai Kawu Babba, yayan mahaifiyata, ya ce tsufa ya fara sace masa sunaye, gara a rubuta.

Na zauna a falona a Gwallameji na yi ta bugawa. Tarihin yadda kakanmu ya sayar da shanu ya zauna a gari bai ba ni wuya ba. Shafin 'ya'yansa ne ya ƙi. Mutumin Allah ya haihu ba kaɗan ba, kuma Kawu yana son a jera su a layi ɗaya, daga babba zuwa auta, jikoki a ƙarƙashin kowa. Takarda a tsaye ba ta da wannan faɗin. Na rage girman rubutu har ya koma kamar ƙwayar gero, duk da haka na ƙarshe suna faɗawa waje.

Kawu ya zo a kan babur ya leƙa. Ko ɗar bai yi ba ya ce, "To cire matan mana. Ai suna cikin littafin gidajen mazajensu."

Wane littafi? Mahaifiyata tana cikin matan nan, kuma ba ta daɗe da rasuwa ba. In aka cire ta daga shafin, ba za a kira sunanta ranar addu'a ba, ni da ƙannena kuma mun bi ta. Wato ni zan buga littafin da hannuna, in share uwata da hannuna. Taɓ! Raina ya ɓaci, amma na ce masa to, ya tafi.

Washegari na shiga wajen tsarin shafi na zaɓi kwance maimakon tsaye. Kai, sai littafin gaba ɗaya ya kwanta, har da bango. Na mayar, na sake, ya sake kwantawa. Na yini ina faɗa da na'ura kafin na gane cewa sai an raba shafin daga na gabansa da na bayansa, ya zama sashe mai zaman kansa, sannan a juya shi shi kaɗai. Da na yi hakan, kowa ya shiga, mace da namiji, har da sauran fili.

Na buga gwaji na kai wa Kawu a Miri. Ya riƙe a tsaye, ya karkata wuya, ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Kwantar da shafin na yi, Kawu, don ya ɗauki kowa."

"Subhanallahi! Kin kwantar da mu? Mun kwanta dama ne? Da ranmu da lafiyarmu ki shimfiɗe mu a jere?"

Na ce, "Kawu, wadda ta kwanta dama ai ita kuka ce in cire."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya ce in tayar da shafin. Na ce in dai ni zan buga, haka zai fita, in kuma ba a so a nemi wani. Taro ya matso, ba wanda ya nemi wani. Haka na kai wa masu buga takardu, na tsaya a kansu don kada wani mai karambani ya miƙar min da shi.

Ranar taro maza suna rumfa, mu mata muna kan tabarmi ta gefen rumbu. Kawu ya karanta tarihi tiryan-tiryan. Da ya iso shafin, sai na ga ya lashi yatsa zai wuce, ya fara jero 'yan'uwansa maza da ka. Ni kuwa na juya littafina a kwance na ɗaga shi sama. Matan da ke kusa da ni suka juya nasu. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ko harafi ba ta sani ba, ita ma ta juya nata, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ka tsallake mu."

Kawu ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya juya littafin. Ya bi layin da yatsa, namiji, mace, namiji. Da ya zo kan mahaifiyata bai karanta abin da na rubuta ba. Ya kira ta da sunan da suke tsokanarta da shi tun suna kiwo, sunan da ni kaina ban taɓa ji ba. Na ce amin da ƙarfi tun kafin ya kai ga addu'ar.