Alister Dunlevy, Mai Riƙe Mana Rana

Ranar Laraba, 18 ga watan Mayu, 1994, Allah ya yi wa Alister Dunlevy rasuwa a gidansa da ke garin Haast, bayan doguwar jinyar huhu. Lokacin ina can cikin duwatsu wajen farauta, ban ji ba sai washegari.

Alister, ba a san ka da iya harbi ba. Da idona na ga ka kuskure bunsurun dutse yana tsaye kamar an ɗaure maka shi. Abin da ka iya shi ne shirin tafiya. Da zarar hukumar gandun daji ta jefa ƙuri'a, aka ba mu kwarin da za mu yi farauta, sai ka share teburin cin abinci, ka shimfiɗa taswira, ka danne gefunanta da kofunan shayi. Mu muna neman inda dabbobi suke kiwo, kai kana neman ta inda za mu fito: a wane gefen kogi za a kafa tanti, ina za a fake in ruwa ya ɓarke. Rewi, ɗan ƙanwarka, yakan ce, "Kawu, farauta za mu ko gudun hijira?" Ka ce, "Ci burodinka, sarkin baki. Shiga ai kowa ya iya."

Ba ka taɓa barin bukkar mafarauta ba sai ka tara wa na baya busasshen itace, ko da ba ka san shi ba. Naman da ka sauko da shi a doron bayanka kuwa, tsofaffin gari ke fara ci kafin gidanka.

A al'adarmu, masu shiga daji sukan bar wa mutum ɗaya rana a gida. In ta cika ba su fito ba, ya kira masu ceto. Aikin ba shi da daɗi. Wani ya kira da wuri, ya tada gari a banza. Wani ya ce bari a ƙara musu kwana ɗaya, kwanan nan ɗaya kuwa shi ke kashe mutane. Da huhu ya hana ka hawa dutse, sai ka karɓi wannan aiki, ka riƙe shi ba wasa.

Bana ni da Rewi muka shiga. Daga kan gado ka tsara mana tafiyar, ka yanka mana Alhamis, sha biyun rana. Muna can aka yi ruwa, kogi ya kawo. Tsakuwa ta zame da Rewi a gangare, cinyarsa ta karye, rediyon kiran taimako da ke jakarsa ya farfashe. Na jawo shi tanti. Ba na iya ɗaukarsa, ba na iya barinsa, ga zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Ba mu da komai sai ranar da kake riƙe mana. Ya ce, "Tsohon nan ba zai manta ba, ko?" Na ce, "Mutumin da har yau yake yi min gorin ashanar da na jiƙa? Kwanta kawai."

Abin da ya faru a gida, matarka Noeline ce ta ba ni labari. Ranar Laraba da safe, numfashi yana yi maka wuya, ka kira ta ka ce, "Alhamis, sha biyu. Kada ki ƙara musu ko minti."

Ta ce, "Haba Alister, yanzu lokacin wannan maganar ne?"

Ka ce, "To na wace magana ne?"

Kafin yamma ka cika.

Ranar Alhamis gida ya cika da masu gaisuwa. Wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya ce sama ta washe, ƙila muna jiran kogi ya janye ne, a bari sai gobe tunda ana cikin makoki. Fasto yana tambayar Noeline waƙoƙin da za a rera a jana'iza, agogo ya buga sha biyu, ta ce ya yi mata haƙuri, ta tashi ta ɗauki waya. Daga baya likita ya ce da Rewi ya ƙara kwana, ba maganar ƙafa za a yi ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a bakin kogi da la'asar. Ana ɗaure Rewi a gadon ɗaukar majinyata, ya dubi matuƙin, wanda ya san mu duka, ya ce, "Ai na faɗa. Kawu ne ya kira, ko?"

Matuƙin ya ci gaba da ɗaure igiya. Can ya ce, "Matarsa ce."

Nan muka gane ka rasu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Alister, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ciwo ya hana ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Noeline, da 'ya'yanku Bronwyn da Isla, da dukan dangi. Allah ya ba su haƙuri. Ya kuma ba Rewi dangana, wanda bai samu raka ka kabari ba, amma yana raye.