Yadda Na Je Ɗauko Mai Jego da Ƙafa

Mun tashi da asuba ranar Laraba daga ƙofar shagona a Talata Mafara, ni da maƙwabcina tela, ko sharar kasuwar jiya ba a kai ga kwashewa ba. Shirinmu shi ne mu taka da ƙafa zuwa Bakura, mu juyo ta gonakin shinkafa, mu wuce Maradun, mu isa Tsibiri ranar Juma'a. Duk wanda ya san ƙasar nan zai ce ai Bakura ba hanyar Maradun ba ce. Na sani. Da gangan na tsawaita hanyar, kuma ku da kuke bibiyata kuna ta tambayar me ya kumbura min ƙafafu, ga bayanin.

Mai ɗakina ta haihu, haihuwar fari, mace, ta je wankan jego gidansu a Tsibiri. Ranar Juma'ar nan take cika arba'in, kuma surukina ya ce in zo in ɗauki iyalina. A kwanakin da nake zaune ni kaɗai sai na faɗa kallon wasu mutane a waya, masu bin dogayen hanyoyin ƙafa. Wasu a Amurka suke, suna tashi daga iyakar ƙasa su yi wata biyar suna tafiya har ɗaya iyakar. Wasu a Turai, wasu cikin tsibiran gabas. Jaka a baya, sanda a hannu, ba mai tambayarsu komai. Suna da ƙa'ida guda: ko taku ɗaya ba a tsallakewa. In mota ta ɗauke ka, sai ka koma daidai inda ta ɗauke ka ka ci gaba. Ni kuma tun ina ƙarami nake karatun littattafan soyayya na kasuwa, inda saurayi kan ratsa daji da kogi don ya ga wadda yake so. Sai abubuwan biyu suka haɗu a kaina. Na ce wata rana za a gaya wa yarinyar nan cewa ubanta kwana uku ya yi yana tafiya da ƙafa don ya ɗauko ta. Mafara zuwa Tsibiri kai tsaye wuni ɗaya ne, wuni ɗaya kuwa bai isa labari ba. Shi ya sa Bakura ta shigo.

Na sayi takalmin gwanjo mai igiya, na cusa sabon littafin rubutu da littattafan soyayya huɗu a jaka. Tela buta kawai ya riƙo da goro. Mashin ɗina na kulle shi a zaure na lulluɓe da tsohon zane. Mai ɗakina kuwa ban gaya mata komai ba, don a littattafan da na sani ba a faɗa, bayyana kawai ake yi.

Ba mu fita gari ba ɗan kabu-kabu na farko ya ja birki. Na ce masa mun gode, da ƙafa za mu. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Malam, in kuɗi ne babu, hau don Allah, ba komai." Na ce kuɗi akwai. Ya ce, "To mi ya yi zahi?" Ya tafi yana waiwaye. Kafin hantsi mashina sun fi goma da suka tsaya, har da motar itace. Mutanen waya sukan ce a hanya mutum yake samun shiru ya ji zuciyarsa. Ni ban ji tawa ba ko sau ɗaya. Kowace gona akwai mai yankan dawa, kowanne sai ya miƙe an gaisa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya aiki, ya ruwa, ya ƙarin haƙuri da zaman ƙasa. In ka amsa kana tafiya, ka zama marar tarbiyya. In ka tsaya, rana ta ƙara hawa. In an gama kuma sai tambaya ta biyo baya, wa ya rasu? Don a wajensu babu abin da zai fito da magidanci mai shago kan titi da jaka in ba rasuwa ko karayar arziki ba.

Wajen azahar muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya inda wata Bafulatana ke dama fura. Ta naira ɗari uku ta ƙosar da mu biyu, nonon da tsami daidai, na kuma yi niyyar rubuta wani abu game da sanyin inuwar. Ban kai layi biyu ba wani tsoho mai amalanken shanu ya tsaya. Ya girmi mahaifina. Ya ce mu hau. Na fara bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, ni ba ni wuce Musulmi cikin rana. Hau." Wa zai yi gardama da furfura? Muka hau kan buhunan gero, shanun suna tafiya a hankali fiye da mu. Da ya sauke mu a mararrabar ƙauyensu, na jira ya juya, na ce wa tela mu koma tsamiya. Ya ce, "Mu koma mu yi mi?" Na ce ƙa'ida ce. Ya zauna bakin titi ya ce shi bai sa hannu a wannan ƙa'ida ba. Ni kaɗai na koma, na taɓa tsamiyar, na sake takowa. Mai furar ta bi ni da kallo, masu yankan dawa suka bar aiki. Yanzu na gane a wannan sa'ar ce labarina ya lalace. Mutumin da ya ƙi mashin, ana iya cewa talauci. Wanda aka rage wa hanya ya koma ya sake ta, wannan sai addu'a.

A bakin Bakura masu tsaron gari suka tsayar da mu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya san halin da ake ciki, baƙo da ƙatuwar jaka dole a duba. Suka zazzage ta. Babbansu ya ɗaga littafi ɗaya, ya ga hoton budurwa da fure a bango, ya karanta layin farko da ƙarfi, sauran suka fashe da dariya. Ya ce, "Wanga ba mugu ba ne, soyayya ta kama shi." Suka gargaɗe mu kada mu bar hanyar mutane, kuma la'asar ta same mu cikin gari. Mun sauka gidan kawun tela. An kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya, na ci kamar ba ni ba. Da na cire takalmi, bororo huɗu na gani, biyu sun riga sun fashe. Matar gidan ta aiko da ruwan zafi da gishiri, da saƙon cewa Allah ya mayar da abin da aka rasa. Na ce a gaya mata ban rasa komai ba. Ba a kai saƙon ba.

Ranar Alhamis muka biyo gefen magudanan ruwan da ke fitowa daga madatsar ruwa ta Bakolori. A nan kam, na ɗan lokaci, na sami abin da na fito nema. Shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinariya har iyakar gani, balbelu suna tashi gabanmu, wani manomi ya ba mu dankali gasasshe bai tambaye mu komai ba, Allah ya saka masa. Sai laka ta cinye min takalmin hagu, tafinsa ya ɓalle ya riƙa buɗe baki, tela ya ɗaure min shi da igiyar buhu yana cewa shi ɗinkin riga ya koya. Da la'asar, ga mu muna hango dogayen ƙarafan waya na Mafara. Kwana biyu muna tafiya, mun iso bayan garinmu. Na rantse ba zan shiga ba, don in na shiga tafiyar ta karye. Tela ya ce shi matarsa ba jego take ba. Ya tare mashin ya tafi gida, ni na kwana a zauren wani mai gona, sauro suka yi walima. Da safe ya dawo fes da sabuwar riga, da labari: a kasuwa ana cewa na sayar da mashin, shago ya karye, kaina kuma ya ɗan taɓu. Na yi dariya. Ban tuna cewa 'yan kabu-kabu har Tsibiri suke kai fasinja ba.

Mun yi Juma'a a Maradun, ina jan ƙafa, muka sayi ƙosai da rake muka ci a tsaye. Tun daga nan na fara shirya yadda abin zai kasance: ta leƙo, ta gan ni da ƙura, idonta ya ciko. Da muka isa ƙofar gidan surukaina, maza biyar na tarar a zaure, ba mai murmushi. Na durƙusa. Gaisuwa ta yi tsawo fiye da kullum. Can surukina ya dubi igiyar buhun da ke ƙafata ya ce, "Ina mashin?"

Na ce, "Yana gida, Baba."

"Gidan wa?"

"Gidana, Baba. Lafiyarsa ƙalau."

"Lahiyatai lau, kai kuma ka taho da ƙahwa ta Bakura." Ya juya wajen ƙaninsa. "Kun ji ko?" Sannan ya ce min, a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya, talauci ba abin kunya ba ne, amma ɓoye shi ga surukai ba daidai ba ne. Ɗiyarsa da jikarsa za su zauna nan har abubuwa su daidaita. Ya nuna kayan da aka tara a gefe, garar da za a raka ta da ita: buhun shinkafa, gero, man gyaɗa, daddawa, tukwane. Ya ce, "Ko da ka taho, a kai za ka aza waɗanga, ita ta goya jinjira ku koma ta Bakura?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Kwana uku ina tsara isowa, ban taɓa tunanin komawa ba. Na buɗe baki in yi bayanin mutanen Amurka, tela ya taka min ƙafa, daidai kan bororon. Ya ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar sakaliya." Ya karɓi makullina, ya fita ya hau mashin ɗin haya.

Aka ce in shiga in gaida surukata Inna, daga nan aka bar ni da mai ɗakina a ɗan ɗakin da take. Ta yi haske, ta yi ƙiba, yarinyar tana barci a cinyarta. Na ciro littafin rubutuna, na fara karanta mata abin da na tanada, cewa kowane taku sunanta nake kira. Ta bari na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Tun Laraba Inna ba ta ci abincin kirki ba. Ni an hana ni waya don kar in ji. Ina jin su suna ƙus-ƙus, na zaci mutuwa ka yi." Na rufe littafin. Ta ce, "Kwana uku ka samu ka rufe shago. Da ka hau mashin, da nan ka yi su. Jiya yarinyar nan ta fara murmushi." Ta miƙo min ita. A gaban mutane ba zan iya ɗaukar 'yar fari ba, amma a ɗakin ba kowa. Ba ta kai nauyin littattafan da na sha wahalar ɗaukowa ba. Ba ta yi min murmushin ba, barcinta kawai take.

Kafin rana ta yi ja muka ji ƙarar mashin ɗina a ƙofar gida. Hanyar da ta ci min kwana uku, tela ya je ya dawo kafin la'asar sakaliya, har ya tsaya ya ci abinci. Surukina ya fito ya zagaya mashin ɗin, ya duba lamba, ya sa ƙaninsa ya tayar da shi. Ya ce, "To arziki na nan. Saura hankali, shi kuma sai a hankali." Ya yarda a tafi da safe.

Ranar Asabar muka dawo Mafara. Mai jego da jaririya da gara a motar haya, tela yana tuƙa mashin ɗina, ni a baya da silifas ɗin surukina, don ƙafar ta ƙi shiga komai. Duk ɗan kabu-kabun da ya gane ni sai ya danna hon ya ɗaga hannu, wani har da cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da yawa. Mutanen da nake kallo a waya suna tafiya ne a inda ba wanda ya san ubansu. A nan ƙafarka ba taka ba ce kai kaɗai, in ka taka ta ba dalili sai hankalin gida biyu ya tashi. Wanda zai gwada, ya gaya wa surukansa tukuna, ya sayi takalmin kirki, kuma ya san ta yadda zai dawo. Har yanzu ina jin haushin duk wanda ya tsayar da ni a hanya, ko da yake kowannensu rage min wahala yake so ya yi.

Shekaranjiya ina neman caja a ƙarƙashin gado na ci karo da takalman nan, an wanke su, igiyar buhun tana nan, an naɗe su a leda. Ashe cikin gara mai ɗakina ta sako su. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce, ba ta ko ɗago kai daga shayarwa ba, "In ta girma in nuna mata irin uban da Allah ya ba ta." Tela ya ce gargaɗi ne. Ni na mayar da su inda na same su, na rubuta maganar a littafina.