Gidan Sauron da Aka Rufa wa Tattasai

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, duk wanda ya san ni a Toranke zai shaida. Amma akwai abin da ya faru shekara biyu da suka wuce, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce abin da ya tsaya wa mutum a wuya ya rubuta shi. To ga shi.

Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa. Maigidana ya dawo daga kasuwar Gaya da wata kwalba mai ruwan ɗorawa, baki har kunne. Ya ce wani mai mota da lasifika ke sayarwa, mutane har turereniya suke. Wai zink ne a ciki. Wai yaron da ke shan cokali ɗaya kullum, ko sauro ya cije shi cuta ba za ta kama shi ba.

Na san zink. Lokacin da autata ta yi gudawa an ba ni ƙwayoyinsa a asibiti tare da ruwan gishiri da sukari, ta sha kwana goma, ta warware. Shi ya sa ban yi saurin musu ba. Amma da na juya kwalbar, ba ranar lalacewa, ba lambar hukuma, sai hoton sauro an ja masa jan layi.

Na ce, "Malam, ai ba a rubuta komai a jikinta ba."

Ya ce, "To fa, likita ta iso! Shekara biyu a ajin manya har kin fara duba mana magani? Mutumin nan fa har Turanci yake yi."

Inna, mahaifiyarsa, ta yi dariya har da tafa hannu. Na ajiye kwalbar na koma kan girkina.

Bayan kwana uku na shiga ɗakin Inna yin shara, na ga ƙusoshi huɗu a bango ba komai a jikinsu. Gidan sauron da babbar 'yata ke kwana a ciki ya tafi. Da na tambaya, Malam ya ce ya kai fadama ya rufe renon tattasansa, fara da awaki sun dame shi. "Tunda ga magani, me gidan sauro zai ƙara mata?" Ba shi kaɗai ke yin haka ba. Je ka fadamarmu a irin wannan lokaci ka ga gidajen sauro farare da shuɗɗa sun lulluɓe ganye, 'ya'yan masu su kuwa suna gida suna susa.

A nan ya kamata in yi magana, ban yi ba. Yarinyar ita ce 'yar farina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Inna, ni kuwa Yaya take ce mini. Da autata aka ɗauke wa gidan sauro da na yi magana nan take. Amma ita, in na buɗe baki za a ce ba ni da kara. Na haɗiye.

Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Jiki kamar garwashi, kai na sarawa, ta ce har bayan idonta ciwo yake. Inna ta dafa darbejiya ta yi mata surace, ta mai da cokalin kwalbar nan biyu. Ni kuwa ina leƙe daga ƙofar madafa kamar baƙuwa. In na dama kunu sai in ba Inna ta kai mata. Kwana uku ina haka. 'Yata da na haifa da cikina, ina jiran wani ya fara cewa a kai ta asibiti don kar a ce ni na faɗa. Wannan shi ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Rana ta huɗu da hantsi ina daka, sai ga yarinyar tana dafa bango. Zazzaɓin ya ɗan sauka, har Inna na cewa magani ya ci. Ta tsaya kusa da turmi ta ce, "Yaya, ƙasusuwana kamar ana sara su." Sai ta yi amai, na ga jini a dasashinta.

Na jefar da taɓarya. Yarinya mai shekara tara, na goya ta kamar jaririya, na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a rayuwata.

Inna ta ce, "Ke! Ba kya jin kunya? 'Yar fari ce fa!"

Na ce, "Inna, a gafarce ni. Kunyar ta ƙare."

Malam yana zaure yana gyaran fartanya. Na ce ya tayar da babur, in ba haka ba da ƙafa zan tafi Gaya. Ya kalli fuskata, ya tashi.

A asibiti wata malamar jinya, babbar mace, ta soki yatsanta ta gwada. Ta ce ba maleriya ba ce. Ta ce akwai wasu zazzaɓin da sauro ke kawowa, irin su denge, maganin maleriya ba ya taɓa su, kuma alamun yarinyar sun yi kama da haka. Ta ce saukar zazzaɓin nan da muka yi murna da shi, wani lokaci nan ne hatsarin yake. Suka sa mata ƙarin ruwa.

Malam ya zaro kwalbar daga aljihu, har yanzu da ɗan ƙwarin gwiwarsa. "Ai muna ba ta zink."

Matar ta buɗe ta sunsuna. "Malam, wannan ko zink ne ko ruwan kala ne, Allah kaɗai Ya sani. Ko da na gaske ne, taimakon jiki yake ya yi ƙarfi, ba ya hana cizo, ba ya kashe cutar. Me kuke nomawa?"

Ya ce, "Wake, gyaɗa, riɗi, da dawa."

"To ai ga zink nan a gonarka. Me yarinyar ke ci?"

Tuwon dawa da miyar kuka take ci, safe da yamma. Waken da gyaɗar da riɗin duk ya kwashe ya kai kasuwa da farashi ya tashi, ko tiya ɗaya bai bar mana ba. Ya fitar da abin daga rumbunsa, ya je ya sayo sunansa a kwalba. Na sunkuyar da kai, ba don kunya ba, don kada ya ga abin da ke idona.

Kwana huɗu muka yi. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma ta rame har awarwaronta na zamewa, wata guda ba ta je Islamiyya ba. Don in faɗi gaskiya, malamar jinyar ta ce irin wannan sauron ya fi cizo da safe da yamma, kuma a ruwan da ke kwance cikin tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane yake haihuwa. Ke nan ban sani ba ko gidan sauron zai tsare ta. Wannan bai rage mini komai ba. An auna 'yata da tattasai, tattasai ya rinjaya, ni kuma ina tsaye na yi shiru.

Ranar da muka dawo na kifar da duk wani kasko da taya da ke tsakar gidan. Na saka hijabi na nufi fadama da rana tsaka, wurin da ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Maza na ban ruwa suka tsaya suna kallona. Na tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, na naɗe gidan sauron. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, ai awaki za su cinye." Na ce, "Baba, su ci lafiya."

Sun kuwa ci rabi. Malam ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Na wanke gidan sauron, na ɗinke hudojinsa, na ɗaura shi a ɗakina, na kwaso tabarmar yarinyar daga ɗakin Inna. Da kaka ta yi, kafin a ɗinke buhuna na ɗebi wake da gyaɗa da riɗi na cika tukwane uku na tura ƙarƙashin gadona. Ya gani, ya kau da kai.

Mai lasifikar nan an ce har yanzu yana zuwa kasuwa, kwalbarsa ta koma koriya. Inna kuwa in ta ji na ƙwala wa yarinyar kira da sunanta sai ta ce, "Zamani ya lalace." Ina ba ta girmanta, ba na tanka mata. Sai in sake kiran sunan.