Garken Da Kowa Ke So Ya Tafi

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da na tsaya gaban mutanen wani ƙauye a bayan Manga, ina roƙonsu su bar baƙin da suke tsoro su zauna a fadamarsu ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake cewa malamin dabbobi rabinsa allura ne, rabinsa baki. To ga dalilin.

Ni malamar dabbobi ce, ba likita ba. A ofishinmu na Zuru likitan dabbobi na shiyya shi ne shugaba, shi ke ba da izinin a killace garke ko a sake shi. Mu malamai mu ne 'yan shiga daji da babur, da kula mai ƙanƙara ɗaure a baya, mu yi rigakafi, mu duba kasuwa da mayanka, mu kawo rahoto. Kowane rani garake kan sauko daga Nijar neman ciyawa. A da sukan biyo ta bakin iyaka, ma'aikatan can su duba su, namu su sake dubawa, kafin su iso ƙasarmu mun san labarinsu. Akwai wani takwarana a Gaya ta Nijar, Malam Isufu, wanda muka taɓa yin kwas tare. Idan ya ga wata cuta a wajensu yakan kira ni, ni ma haka.

Sai aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka shiga maganar tura sojojinmu can. A wani gari wannan labarin rediyo ne. A Zuru kuwa, inda da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba, magana ce ta tsakar gida. Ni kaina ƙanena soja ne, mahaifiyarmu ta daina cin abincin kirki. A wurin aiki aka ce mana babu sauran hulɗa da ofisoshin can sai abin da hali ya yi. Abin da masu rufewar ba su lissafa ba shi ne saniya ba ta sauraron labarai. Da rani ya zo garake suka sauko kamar kullum, sai dai ta daji. Ba shanu aka hana shigowa ba, dubawar aka hana.

A cikin ranin nan Malam Isufu ya kira ni ta wayata ta gida. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce ciwon huhu ya ɓulla a wajensu, kuma akwai garken wani mutum mai suna Sambo da ya sha ruwa tare da marasa lafiya, ya riga ya ƙetare ya nufo wajenmu. Ba zai iya rubutowa ba, don su ma an hana su. Ga waɗanda ba na wannan sana'a ba, ciwon huhun shanu ba ya kama mutum, amma ta numfashi yake bi daga saniya zuwa saniya, a mashaya ko a kasuwa. Idan ya shiga kara, wato kasuwar shanu, ranar kasuwa, kafin mako ya zagayo ya bi motoci ya watsu.

Na je na faɗa wa Likita. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ba zai iya rubuta a rahoto cewa daga can labarin ya fito ba, kuma ba zai killace garke a kan jita-jita ba. Na fara ɗaga murya, don kun san halina, sai ya ɗaga mini hannu.

"Malama Ladi, abin da kika ji a waya nasu ne. Abin da kika gani da idonki namu ne. Ki je ki gani."

Ban yi wahalar nema ba. Da safiyar Larabar nan mai garin ƙauyen ya aiko cewa wasu baƙin Fulani sun sauka a fadamarsu, kuma matasan sintiri sun ba su zuwa faɗuwar rana su tashi. Ba na ganin laifin mutanen. 'Yan bindiga sun taɓa shiga musu, sun kashe, sun kora dabbobi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma kowa na cewa ta Nijar makamai ke shigowa.

Na sami Sambo a gindin wata kanya, dattijo ne siriri, tare da 'ya'yansa da matansu da jikoki. Ya nuna mini shanun da ke gaba, lafiyayyu sumul. Na ce ya kai ni baya. Ya yi kamar bai ji Hausa ba, na kuwa wuce shi na tafi da kaina. Can bayan wani kurmi na sami wasu shanun, sun miƙe wuya, sun buɗe ƙafafun gaba, suna tari kaɗan kaɗan kamar mai jin kunyar a ji shi. Na kira Likita daga nan, na faɗa masa abin da na gani, ya ce in killace.

Sambo ya biyo ni yana cewa, "Malama, mi kika gani? Gajiyar tahiya ce kawai. Ki bar mu mu wuce, mu ma ba mu son kwana nan."

A nan ne aikin ya tsaya mini a wuya. Mutanen gari suna so ya tafi, shi ma yana so ya tafi, hanyarsa kuma ta gefen kasuwar Zuru ta bi. A duk faɗin wurin ni kaɗai ce ke son garken nan ya zauna, kuma ba kwana ɗaya ba, makonni.

Aka taru a ƙofar mai gari bayan azahar. Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce idan aka kore su, cutar za ta bi kowace mashaya, ta shiga kasuwa, ta dawo musu a jikin shanun huɗar da za su saya kafin damina. Babu wanda ya musa, amma babu wanda ya yarda. Wani saurayi mai suna Markus, wanda aka kashe mahaifinsa a harin nan, ya tashi ya tambaye ni ko idan dare ya yi zan zo da allurata in tare harsashi. Sai na fusata. Na ce musu masu taurin kai ne. Kada ku yi koyi da ni a nan.

Wanda ya cece ni shi ne Baba Saje Bawa, tsohon soja da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje. Duk garin ana tsokanarsa da cewa ko gaisuwa ka yi masa sai ya kai ka wata ƙasa. Ranar nan bai kai kowa ko'ina ba. Ya ce shi a aikinsa ya koyi abu guda: baƙon da ka san inda ya kwana ya fi wanda ka kora cikin duhu ba ka san inda ya nufa ba. Ya ce a shata iyaka a fadama, shanun baƙi kada su ƙetare, na gari kada su shiga, a raba mashaya. Kowace safiya shi da Sambo su haɗu a bakin shatar, kowa ya faɗi ƙorafinsa tun yana ƙarami. Sai ya juyo ya tambaye ni ko nonon shanun nan na cutar da mutum. Na ce a'a, in dai an tafasa.

"To matansu su riƙa shigowa gari da nono, namu su saya. Duk inda na yi aiki, ranar da mata suka daina ƙetarawa kasuwa, mu mun san gobe akwai harbi. In muna ganinsu, muna lafiya. Su ma in matansu na komawa lafiya, sun san haka."

Mai gari ya amince, ba da daɗin rai ba. Sambo ma na sha fama da shi kafin ya yarda, don tura mata da jikoki cikin garin da aka ba shi wa'adi ba ƙaramin abu ba ne. Washegari matar babban ɗansa ta shigo da ƙwarya a kai, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Matar Baba Saje ce ta fara saya.

Muka shiga aiki. Muka yi wa shanun gari rigakafi, da na ƙauyukan kewaye, da lafiyayyun Sambo. Marasa lafiya aka ware su can baya, waɗanda suka yi nisa aka yanka a gabana na duba naman. Kullum ina kan hanyar nan har babur ɗina ya san ramukanta. Ƙorafi bai ƙare ba. Yau akuyar gari ta shiga shata, gobe an ga yaron Sambo yana waya an ce da wa yake magana. Baba Saje ya sa aka kira lambar a gaban kowa, ashe kakar yaron ce a can gida take tambayar ko sun sami ruwa.

Har na fara sakin jiki, sai bijimin huɗar Markus ya fara tari. Ya sha ruwa a fadamar nan tun ranar da baƙin suka sauka, kafin a raba mashaya, cutar kuwa takan ɓuya makonni kafin ta nuna. Shi kaɗai ne dabbar da 'yan bindiga suka bar wa gidansu. Da na isa na tarar matasa sun cika ƙofar gidan. Na duba bijimin, na sake dubawa, ina addu'ar in ga wani abu dabam. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini in ce mura ce. Amma na faɗa masa gaskiya, na kuma faɗa masa abin da ya fi ta ɗaci: ba zai zauna cikin gari ba, kuma wuri ɗaya ne tak da za a kai shi, cikin shata, wajen marasa lafiyar Sambo.

Wani daga baya ya ce a je a ƙona rugar kawai. Markus bai juya ba. Ya kwance igiyar, ya ja bijimin, muka bi shi a baya har fadama. Sambo na tsaye a bakin shata. Markus ya miƙa masa igiyar ba tare da ya kalle shi ba, ya ce da safe yake son dusa, ba da yamma ba.

Bijimin bai tashi ba. Na yi abin da zan iya, Sambo ya yi fiye da ni. Ya yi masa rumfa, yana ba shi ruwa da hannunsa, Markus kuma kullum yana zuwa bakin shata ya tsaya ya gani. Da ya tabbata ba zai rayu ba, Sambo bai sa wuƙa ba sai da ya aika aka kira mai shi.

Washegari da safe garin duka ya fito wurin haɗuwar Baba Saje da Sambo, kuma matan ruga ba su shigo da nono ba. Na san abin da hakan ke nufi. Wa'adin killacewa bai cika ba, kuma kowa ya san kalma ɗaya daga bakin Markus ta isa ta rushe komai. Mai gari ya tambaye shi abin da yake so a yi.

"Baba, ni na yi asara, kada wani ya ƙara yi. Na ga yadda tsohon nan ya riƙe mini shi. A bar su su cika kwanakinsu." Sai ya dubi Sambo ya ce, "Ka ce wa matan su shigo, mamata na jiran nono."

Na koma bayan wata bishiya na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Garken ya zauna har Likita ya zo da kansa ya duba ya sake shi. Cutar ba ta shiga kasuwar Zuru ba a ranin nan. Daga baya an buɗe iyaka ta ɓangarenmu, yaƙin da ake tsoro Allah bai kawo shi ba, ko da yake har yanzu manyan ƙasashen ba su gama shiryawa ba, kuma daji bai gama lafawa ba.

Abin da na koya shi ne, idan manya suka daina magana da juna, maganar ba ta mutuwa, kan ƙanana take faɗowa: ma'aikacin da ya yi kasadar ɗaukar waya, shugaban da ya nemo hanya cikin doka, tsohon sojan da ya san yaƙi har ya ƙi shi. Za ku je wuraren da kowa ke jin tsoron kowa, kuma tsoron yana da dalili. Kada ku raina shi kamar yadda na so in yi. Ku faɗi gaskiyar abin da kuka gani ko da za ta rushe muku aiki, sannan ku ba mutane dama. Ni dai na ga wanda ya fi kowa dalilin ramuwa ya zama shi ne ya hana ta.