Yadda Aka Sace Muryar Yayana

Yayana malamin gona ne. Ya ƙare shekarun aikinsa a kan babur tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, yana koya wa manoman rani rainon irin shinkafa da lokacin zuba taki. Da ya yi ritaya ma bai zauna ba. A Ruwan Gizo aka haife mu, shi ne babba ni ce auta, kuma tun rasuwar Baba shi ya riƙe ni har ya aurar da ni a cikin Mafara. Muryarsa mai kauri ce da ɗan dishi-dishi, kuma ba ya fara magana sai ya ce, "Jama'a, ku ji nan." Yara har kwaikwayonsa suke yi.

Wata shekara bayan an kwashe amfanin damina, wasu samari masu riguna iri ɗaya suka iso kasuwar Talata da mota mai koren fenti. Suka kafa rumfa mai sola inda kowa zai yi caji kyauta, suka raba wa shugabannin manoma wayoyi, suka buɗe guruf-guruf na kowane ƙauye, har da data kyauta. Aka ce kamfanin na surukin wani attajiri ne ɗan yankinmu, wanda kowa ke kira Alhaji. A Abuja yake zaune, yana da ramukan zinariya ta wajen Maradun, kuma an daɗe da sanin cewa ba wanda ke hawa kujera a wajenmu sai ya je ya durƙusa a falonsa.

Samarin suka nemi Yaya. Suka ce suna so ya riƙa karanta darussan noma suna ɗauka, su tura wa manoma ta waya. Murna ta kama shi. Ya zo gidana yana ba ni labari, ko zama bai yi ba.

"Auta, abin da nika yi da babur wata guda, yanzu yini ɗaya ya isa Tsibiri. Wanga zamani akwai albarka cikinai."

Ya yi ta zuwa suna ɗauka. Ya yi musu bayanin tsutsa da gishirin ƙasa da yashe magudanar ruwa, wani lokaci har da barkwanci. Ko kwabo bai karɓa ba, ya ce sadaka ce.

Ana cikin haka zance ya fito cewa kamfanin na neman a ba shi wani yanki na fadama, mai faɗin gaske, ya yi noman zamani da injuna. Gonakin da ake nufi na mutane ne, wasu tun kakanni. Abin ba zai yiwu ba sai majalisar jiha ta amince, ga shi zaɓe ya matso. Manoma suka taru suka zo ƙofar gidan Yaya, suka ce shi suke so ya tsaya musu takarar ɗan majalisa. Ya ƙi, suka koma, suka dawo da limamai. Da ya amince, sai ya tarar babbar jam'iyya ta riga ta ba wani yaron Alhaji tuta, wanda a da shi ke riƙe masa jaka. Yaya ya shiga wata ƙaramar jam'iyya da ko ofis ba ta da shi a Mafara. A zaurensa ake taro, matan unguwa muna dama fura muna aikawa.

Ba a jima ba Alhaji ya zo gida, ya aika a kira Yaya. Maigidana ne ya raka shi, shi ya ba ni labarin yadda aka yi. An yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi Inna, mahaifiyarmu, da jikinta, an kawo nama da lemo. Sannan Alhaji ya ce, "Malam, kai dattijo na. Mi ya kai ka cikin ƙurar siyasa? Ka janye, in sa a ba ka mai ba da shawara kan noma, da mota, da kujerar Makka kai da tsohuwa."

Yaya ya ce, "Alhaji, na gode, Allah shi ƙara arziki. Amma ba ni na tsai da kaina ba. Sai in koma ga waɗanda suka tsai da ni in ce musu mi?"

Surukin na gefe yana danna waya, yaro ne fes da shi, ya yi karatu a ƙasar waje. Maigidana ya ce bai ɗaga kai ba ya ce, "Baba, a bar malam ya gwada farin jininsa." Alhaji ya yi dariya, ya raka su har bakin ƙofa da kansa.

A gidan suna na fara jin abin, a Jangebe. Muna zaune tsakar gida ana rabon tuwo, sai wata mata ta ce a yi shiru, ta ƙara sautin wayarta. Na ji "ku ji nan" da dishin nan da na sani tun ina goye. Muryar Yaya ce, tana gaya wa wani ɗan bindigar daji hanyar da fatake za su biyo ran kasuwa, tana yi masa alkawarin in an ci zaɓe za a janye masu gadin hanyar. Ba a daɗe ba da aka tare mota a wannan hanya aka shiga daji da mutane, cikinsu har da ƙanen maigidan da muke wa suna.

Wadda ke kusa da ni ta janye tabarmarta. Na miƙe na ce wallahi ƙarya ne, sai uwar wanda aka sace ta taso ta tsaya gabana, idonta jawur.

"Kunnuwanmu za ki ƙaryata? Mu da muka saba jin shi kullum yana karatun taki?"

Ban san yadda na kai tasha ba. A cikin bas ma wani na kunna ta a kujerar baya.

A wajenmu in aka ce mutum infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, an gama da shi. Ba a jiran alƙali. Na tarar da Yaya a zaure da wayar a hannu, yana sake saurare. Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci.

"Auta, ni na ce hakanga? Yaushe?"

Har shi kansa sai da ya tambaya. Muka kai wa Inna, wadda idonta ya riga ya tafi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake, sannan ta ce, "Murya dai tashi ta. Maganar ba tashi ba ta." Sai ta juya fuska bango. Wani malamin sakandare abokin maigidana ya yi mana bayanin cewa akwai na'urar da in ta sha muryar mutum sosai, sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata da bakinsa. Muka dubi juna. Mun san inda aka sami muryar Yaya har aka ƙoshi.

Amma sani daban, a yarda da kai daban. Duk wanda ya rubuta a guruf cewa haɗi ne, sai a cire shi, don samarin kamfanin ne ke riƙe da ƙofar kowane guruf. Ran Juma'a Yaya ya tashi bayan sallama, ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse a gaban jama'a yana hawaye. Wani ya ɗauki bidiyo. Kafin la'asar an yanke rantsuwar an bar hawayen, an rubuta a ƙasa cewa infoma ya yi nadama. Wannan shi ya zagaya har Bakura da Maradun. Cikakken bidiyon yana wayar maigidana, mun tura wa duk wanda muka sani, bai wuce dangi ba.

'Yan sa-kai suka zo da hantsi, da bindigoginsu na gargajiya. Wasu cikinsu Yaya ne ya koya wa iyayensu noman rani. Allah ya sa mai unguwa na kusa, ya tsaya a bakin zaure ya ce sai dai su fara da shi. Ana wannan ja-in-ja jami'an tsaro suka iso suka tafi da Yaya, wai don a tsare ransa kuma a yi bincike. Na bi motar da gudu ba mayafi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kai ni ɗaki.

Yana tsare aka yi zaɓe. Na je na bi layi cikin rana, mata na ta kauce mini kamar mai ƙyanda. Na dangwala wa jam'iyyarsa, na san ba ta da amfani. A rumfarmu ta Ruwan Gizo, inda aka haife shi aka yi masa kaciya, ƙuri'unsa ba su cika tafin hannu ba. Yaron Alhaji ya lashe. Har ga Allah ba a saci akwati ba, ba a kori kowa ba, na'urar tantancewa ta yi aiki lafiya lau. Baƙi masu sa ido suka zo suka duba suka yaba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mutanenmu da hannunsu suka yi, da zuciya ɗaya, suna ganin sun tsare 'ya'yansu daga maci amana. Da a ce da kuɗi aka saye su, da na ce yunwa ce. Tsoronsu aka saya, kuma tsoron na gaskiya ne, don kowa a cikinsu ya binne wani ko ya sayar da shanu ya fanso wani.

Bayan an rantsar da sababbi aka sako shi. Ba a kai shi kotu ba, ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Wani jami'i ya ce masa ya je gida ya yi haƙuri. Ya tarar da shinkafarsa ta zube a gona tsuntsu ya cinye, don ba ɗan ƙwadagon da ya yarda ya shiga gonar infoma. Maigidana ya je wajen lauya a Gusau. Lauyan ya ce sai an kawo ƙwararre ya tabbatar haɗi ne, kuma ƙwararrun da ya sani duk irin waɗannan kamfanoni suke wa aiki.

Majalisa ta amince da batun fadama ba tare da wata gardama ba. Aka zo da waya mai ƙaya aka zagaye, aka kafa kyamarori a kan turaku. Waɗanda suka ƙi Yaya ran zaɓe, da yawansu yanzu a gonakin iyayensu suke aikin yini, ana kiran sunansu da lasifika da safe. Kamfanin nan dai shi aka ba kwangilar sa ido kan tsaron hanyoyi. Hanyar kuwa har gobe ana tare ta. Rumfar caji ta daɗe da rufewa, data kyauta ta ƙare tun makon da aka faɗi sakamako.

Yaya ya bar Mafara ya koma Bakura wajen surukansa, aka ba shi aron wata 'yar gona. Ya daina riƙe waya. In kana son magana da shi sai ka je, in ka je ma gaisuwa ce da "to" da "madalla". Mutumin da in ya fara bayanin shinkafa sai an tuna masa da sallah.

Bara Inna ta rasu. A Ruwan Gizo aka yi zaman makoki, Yaya ya zo ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Mutane suka yi ta zuwa, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa abin. Wani tsohon abokinsa ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, ai tun tuni mun gane sharri na." Yaya ya ce, "Allah shi ba da lada." Matar nan ta Jangebe, uwar wanda aka sace, ita ma ta shigo wajenmu, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ɗanta bai dawo ba. Ban iya jin haushinta ba.

Ran addu'ar uku sai ga jerin motoci. Ɗan majalisa ne da surukin Alhaji da 'yan rakiya, da buhunan shinkafa masu tambarin kamfanin. Ba a korar mai ta'aziyya. Yaya ya miƙe ya ba su hannu, aka zauna aka yi fatiha, suka ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ya ce amin. Ta kafar zana nake leƙe, na ga wani cikin 'yan rakiyar ya ɗaga waya.

Kafin mu watse hoton ya iso wayoyin matan da ke zaune tare da ni. Ga Yaya riƙe da hannun ɗan majalisa, kansa a sunkuye. An rubuta cewa malam ya gane gaskiya, ya kawo mubaya'a shi da magoya bayansa, zaɓe mai zuwa ba hamayya. Ba a ambaci Inna ba.

Na fita da wayar na same shi yana alwala a gindin bishiyar bedi. Na miƙa masa. Ya duba, ya miƙo mini, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Na ce, "Yaya, ba za ka ce komai ba?"

Ya ce, "In ce da wane baki, Auta?"

Shinkafar da suka kawo na ce ba za a dafa ta a gidan Inna ba. Matan gida suka dube ni, suka dubi baƙin da suka taho tun daga Maradun ba su ci komai ba. Aka dafa.